Amsoshin Wasiƙunku: "Tsirkiyar Bes Na Jan Yaronmu, Ko Haka Take?"

Yau jakar tamu ta karkata ne wajen ƙasar Yauri, domin wasiƙu uku ne suka iso daga can, kuma kamar an haɗa baki, duk maganarsu ɗaya ce, watau jitar nan mai kaurin murya da ake kira bes, da kuma akwatin da ke ɗaga sautinta, amfilifaya.

Ta farko daga Wara ta fito, hedkwatar ƙaramar hukumar Ngaski. Mai ita ya roƙi kada in ambaci sunansa. To, na ji, Malam. Ya ce su bakwai ne, masunta shida da tela ɗaya, suka yi karo-karo suka sayi kayan kiɗa na hannu domin zuwa bukukuwa a ƙauyukan bakin ruwa. Ga abin da ya rubuto: "Yaron da ke kaɗa mana bes kullum yana kukan tsirkiya na jansa, balle in ya kai baki kusa da makirufo. Wanda ya sayar mana ya ce haka bes take, ƙarfinta ne ya yi yawa, zai saba. Sa'an nan mun ƙona lasifika biyu cikin wata uku. Shin jitar ce ba ta da kyau, mu sake wata?"

Malam, kafin mu je ko'ina, don Allah kada yaron nan ya sake rataya jitar nan sai an duba kayanku. Ba haka bes take ba, kuma ba a sabawa da wutar lantarki. Jita ita kanta ba ta da wutar da za ta ja mutum. Abin da ke fita daga cikinta bai kai ƙarfin batirin tocila guda ba. Wutar da yaronku ke ji daga amfilifaya take zuwa.

Bari in warware maka. A cikin jitar akwai wata 'yar waya da ta haɗa tsirkiyoyi da igiyar da kuke sokawa, ita kuma igiyar ta haɗu da ƙarfen jikin amfilifaya. Da gangan aka yi haka, don a kashe gurnanin nan da ake ji in ba a kaɗa komai. To, idan wuta ta ɓalle a cikin amfilifaya ta hau ƙarfen jikinsa, dole ta nemi hanyar zuwa ƙasa. Hanyar da aka tanadar mata ita ce ƙafa ta uku ta fulogi, doguwar nan ta sama. Amma mu a nan me muke yi? In fulogi ya ƙi shiga soket sai mu karya ƙafar, ko mu yanke kan gaba ɗaya mu cusa tsiraran wayoyi biyu da tsinken ashana. Daga nan wutar ba ta da sauran hanya sai ta hannun mai kiɗa, ta bi ƙirjinsa, ta sauka ta ƙafarsa. Ka tuna kuma inda kuke kiɗan: bakin ruwa, ƙasa da laima, yaro ya yi gumi, wataƙila ma ya tuɓe takalmi don daɗin rawa.

Wannan ba tsoratarwa ba ce. A shekarar 1972, a garin Suwansi na ƙasar Birtaniya, wani makaɗin jita mai suna Leslie Harvey ya taɓa makirufon da ba a haɗa masa wayar ƙasa ba, a gaban 'yan kallo ya faɗi, bai tashi ba. A 1976 kuma Keith Relf, wanda ya yi suna da ƙungiyar Yardbirds, a cikin gidansa wutar jita ta kashe shi. Ƙwararru ne da kaya masu tsada, ba su tsira ba.

Abin yi shi ne, ka nemi mai aikin wuta na gaske, ba yaron da ke ɗaura ƙwan fitila ba. Ya mayar da fulogi mai ƙafa uku, ya sake muku doguwar wayar da kuke ja daga janareta da mai jijiya uku. Ya kafa sandar ƙarfe mai rufin tagulla a ƙasa mai danshi ya haɗa ta da janareta yadda ya kamata. In da hali ya sa muku na'urar nan mai katse wuta da kanta in ta ji wuta na zurarewa, wadda masu shagon kayan wuta ke kira ELCB ko RCD. Kuɗinta bai kai na lasifika ɗaya daga cikin biyun da kuka ƙona ba. Duk kayanku kuma su sha wuta daga wuri ɗaya. Kada a ja wa makirufo wuta daga gidan ango, a ja wa bes daga janareta, domin tsakanin biyun nan ne leɓen mutum ke zama gada. Kafin a fara kowane wasa, a ɗora sukudireban gwajin wuta a kan tsirkiya da kan makirufo. In ya kawo haske, to, an fasa, ko da amarya ta iso. In bai kawo ba amma yaro ya ce yana jin ja, maganar yaron za a ɗauka. Shi kuma ya sa takalmin roba, ya tsaya a kan busasshen katako. Kada kuma wani a cikinku ya buɗe bayan amfilifaya ya sa hannu don an zare shi daga soket, domin akwai sassan da ke riƙe wuta a ciki bayan an kashe.

Abin ma da ɗan mamaki. Tun 1968 da aka gama madatsar Kainji, ruwan da ya ci gonaki da tsofaffin garuruwan kakanninku shi ne ke juya injinan da ke ba ƙasar nan wuta, ga shi kuma ku da ke kwana kuna tashi a bakinsa da ɗan janareta kuke biki. To, tunda haka ne, sai a san halin janaretan. Ƙaramin nan irin na masu aski, ƙarfinsa bai kai wat 1,000 ba, kuma wutarsa hawa take tana sauka. In kun ɗora masa fitilu da fanka da kayan kiɗa, ya ƙoshi. A tada shi tukuna, ya daidaita, sa'an nan a kunna kaya, amfilifaya a ƙarshe, bayan an rage muryarsa ƙasa. In za a tashi, shi ake fara kashewa. Kada a bari mai ya ƙare ana cikin kiɗa, don wannan tarin da inji ke yi kafin ya mutu yana cin kaya ƙwarai. Sitabilaiza na taimakawa. Fis kuma in ya ƙone, a sa irinsa daidai. Masu naɗa masa takardar kwalin sigari ko zaren waya, sun cire maigadi ne daga bakin ƙofa.

Yanzu batun lasifika. Ina kyautata zaton ba ta bes ba ce kuka saya. Tsirkiya mafi kauri ta bes tana girgiza kamar sau 41 ne kacal a daƙiƙa guda, kuma don a ji irin wannan sauti dole takardar lasifika ta yi ta kai da komowa da nisa, tana tura iska mai yawa. Lasifikar jita ta yau da kullum, ko ta rediyon mota, ko mai ƙahon nan ta masu tallar magani a kasuwa, ba a yi su don wannan wahala ba. Ko takardar ta yage, ko wayar cikinta ta ƙone. Ku nemi wadda aka yi don bes, mai faɗin inci 15 guda ɗaya, ko masu inci 10 guda biyu ko huɗu a akwati ɗaya. A nawa ganin, amfilifaya mai wat 20 ko 30 na koyo ne a ɗaki. A fili kuwa, inda babu bangon da zai maido da sauti, ga ganguna na tashi, kada ku yi ƙasa da wat 200. In kuka ji sauti ya fara tsagewa kamar ana yaga atamfa, a rage, ya kai iyakarsa ke nan.

Akwai kuma ɗan lissafi, ku yi haƙuri, tsohon malamin aji ba ya rabuwa da allo. A bayan kowace lasifika an rubuta lamba, 8 ko 4, da kalmar om. A bayan amfilifaya kuma an rubuta mafi ƙanƙantar lambar da zai iya ɗauka, galibi 4. In ka jera lasifika biyu masu 8 a kan baki ɗaya, ba 16 suka zama ba, 4 suka koma. Biyu masu 4 kuwa 2 suke komawa, a nan amfilifaya zai yi zafi har ya mutu. Watau yawan akwatuna ba shi ne yawan sauti ba. Saboda haka amsar tambayarka, Malam, ita ce kada ku sake jita. Kuɗin ku kai su wajen waya da lasifika.

Wasiƙa ta biyu wani malamin makaranta ne daga Shanga, wanda ke kula da kayan kiɗan ɗalibai. Ya ce da damina tsirkiya na gogar ƙarafan wuya tana ƙara, da rani kuma sai ta yi nisa har yara na kukan yatsa, ga tsatsa.

Malam, abokin aiki, wuyan jita itace ne, kuma itace na shan laima ya kumbura, ya sha hunturu ya tsuke. A ƙasarku kuwa duka biyun da ƙarfi suke zuwa. Don haka ne aka sa wani dogon ƙarfe a cikin wuyan, mai kan da ake juyawa da ɗan alanki. Ga yadda za ka auna: danne tsirkiya mai kauri a gidan farko da kuma gidan da wuya ya haɗu da jiki, ka duba tsakiya. Tazarar da ke tsakanin tsirkiya da ƙarfe kada ta wuce kaurin katin gayyatar biki. In ta fi haka, juya alanki dama, yadda ake ɗaure noti. In babu tazara sam, juya hagu. Amma rubu'in juyi kawai, sa'an nan ka bar ta ta kwana ka sake aunawa. In ya cije, ka ƙyale shi, don in ƙarfen nan ya karye a ciki, wuyan ya tashi daga aiki.

Tsatsa kuwa gumi ne da laima. Yara su wanke hannu kafin su ɗauka, su goge kowace tsirkiya da busasshen ƙyalle, sama da ƙasa, in sun gama. Kada a shafa man gyaɗa ko baƙin mai, ƙura kawai zai tara. Tsofaffin makaɗa kan kwance tsirkiyoyin da suka dushe su tafasa su cikin ruwa kamar minti 10, su shanya su bushe sarai. Muryar takan dawo na ɗan lokaci, amma wadda tsatsa ta riga ta ci, sai dai sabuwa. A ajiye jita cikin jakarta, nesa da rana, kada a jingina ta da bangon da ke tsatsafo. Amfilifaya kuma a ɗora shi kan benci, a lulluɓe, a riƙa leƙa bayansa, domin zanzaro na son yin ɗaki a ciki, ɓera kuma na son waya.

Ta uku gajeruwa ce, daga wata baiwar Allah a Yelwa mai shugabantar ƙungiyar mawaƙan mata. Ƙanenta da ke Amurka zai aiko musu da bes da amfilifaya, tana tambaya wace iri za ta ce ya saya.

Malama, ki ce mai tsirkiya huɗu, wadda ba ta cin batir. Ita ce irin da Leo Fender ya fitar a 1951, kuma har yau ba ta gaza ba. Yamaha da Ibanez ma na yin masu sauƙin kuɗi masu ƙarko. Mai tsirkiya biyar ta fi zurfin murya, amma ta fi cin lasifika, tsirkiyarta kuma ta fi wuyar samu. In mai batir ce ta zo, batirin nan mai kusurwa huɗu na bolt 9 take ci, kuma muddin igiya na soke a jikinta tana shan sa, ko ba a kaɗawa. In 'yan mata ne ƙanana za su koya, akwai mai gajeren wuya, inci 30 maimakon 34.

Amfilifayan ne abin lura. Wutar Amurka bolt 120 ce, tamu 230. Ni ganau ne. Muna kwalejin horon malamai aka kawo wa ƙungiyarmu kyautar wani daga waje, ni ne mai rawar kai, na soka shi a bango ban karanta bayansa ba. Ƙara ɗaya muka ji, sai hayaƙi da wari. Kuɗin gyaran daga aljihuna ya fita, zango guda ina cin garin kwaki. Ki gaya wa ƙanenki ya duba inda igiyar wuta ke shiga. In an rubuta 100 zuwa 240, madalla. In 120 kaɗai aka rubuta, to, sai da taransifomar rage wuta, kuma ki ɗaure ta a jikinsa yadda ba mai raba su. Ya nemi irin na zamani marasa nauyi, domin in gayyata ta kai ku tsallaken ruwa, za ku gode masa. A cikin kwalekwale a naɗe shi da leda mai kauri, a ɗora kan kaya, ba a ƙasan jirgi inda ruwa ke taruwa ba. In kuwa ya jiƙe, kada a kunna don a gani ko yana aiki. A bar shi kwanaki a inuwa mai iska, mai gyara ya duba tukuna.

Malam na Wara, ka kwafo mini duk abin da aka rubuta a bayan amfilifayanku da bayan lasifikar da ta rage, harafi da lamba, ka aiko, sai in gaya maka girman wadda za ta dace da shi. Ka kuma sanar da ni abin da mai aikin wuta ya tarar. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu, a huta lafiya.