Kamun Kai a Makon Kirsimeti da Sabuwar Shekara

 Kaka ta yi, dawa ta shiga rumbu, 'ya'yanmu da ke aiki a Kaduna da Abuja da Legas suna shirin zuwa gida. Abin godiya ne. Amma mu masu kiwon garke mun san cewa a cikin wannan mako ne, daga jajiberen Kirsimeti zuwa sabuwar shekara, muke yawan rasa waɗanda aka sha wahala kafin a raba su da gidan giya.

Mun san gardamar da ake kawo mana kowace shekara. Wani ya ce ai Yesu ya mai da ruwa ya zama ruwan inabi a Kana, wani ya ce Bulus ya shawarci Timoti ya sha kaɗan saboda cikinsa. Suna nan a Yohanna sura 2 da 1 Timoti 5:23, ba za mu goge su ba. Sai dai wanda ya haddace waɗannan wurare biyu, bai taɓa buɗe Karin Magana 23:29-35 ko Afisawa 5:18 ba, izini yake nema, ba koyarwa ba. Timoti ma magani aka ba shi, ba a ce ya wuni a gindin tukunya ba.

Abin da ya fi damunmu yana cikin Romawa sura 14, inda manzo ya ɗora wa mai ƙarfi nauyin ɗan'uwansa rarrauna. Kusan kowace ikilisiya tana da mutumin da ya bar sha wata shida ko shekara guda da ta wuce. Ya dawo sujada, ya soma biyan kuɗin makarantar yara, matarsa ta fara barci da kwanciyar rai. Ranar Kirsimeti zai bi gida gida gaisuwa kamar kowa. A gida na uku ko na huɗu sai a miƙo masa ƙwaryar burkutu, a ce, "Ɗan taɓa mana, yau ai ranar murna ce." Sau da yawa mai miƙo ƙwaryar ba baƙo ba ne, ɗan ikilisiya ne, wani lokaci ma dattijo. Ga wanda giya ta taɓa kamawa babu wani abu wai shi kaɗan. Ƙwarya ɗaya ce take buɗe ƙofa, kafin Janairu ya ƙare ana auna dawar gidan ana kaiwa kasuwa.

Saboda haka muna roƙonku, kada giya ta fito a gidan mai bi a wannan mako, ko domin baƙo ne. Kunun zaƙi da zoɓo da kunun aya sun isa karɓar kowane baƙo. Dattawa kuma, kun san waɗannan 'yan'uwa da sunayensu. Kowane ɗaya a haɗa shi da wanda za su yi yawon gaisuwa tare, su tashi tare idan zaman ya soma canja launi. Kai kuma da ka bari, ba abin kunya ba ne ka ba uwargida ajiyar kuɗin amfanin gona, ko ka ce wa abokai, "Na daina," ba tare da dogon bayani ba.

Iyayenmu mata masu dafa burkutu, mun san wasunku da shi suke ciyar da marayu. Tsawa daga bagadi ba za ta biya kuɗin makaranta ba. Zumuntar mata ta zauna ta duba yadda za a taimaka da jarin ƙosai ko waina.

Mu tuna kuma inda muke zaune. Tun da Zamfara ta soma aiki da Shari'a a shekarar 2000, wasu jihohin Arewa suka bi, maganar giya ta zama abin da ake auna Kirista da shi. Muna aika wa maƙwabtanmu Musulmi shinkafa da nama ranar Kirsimeti, su ma su aiko mana da Sallah. Idan da yamma suka ga ɗan mawaƙa yana tangaɗi a bakin hanya, wa'azin da za su riƙe ke nan.

Matasa, ba tukunya kaɗai muke nufi ba. Gwamnatin Tarayya ta hana maganin tari mai kodin a 2018 saboda yadda ya lalata samari, ga tramol, ga giyar leda da ke shiga aljihu. Ku sani kuma shayi mai kauri ko wanka da ruwan sanyi ba ya fitar da giya daga jini. Hanta ce ke wannan aiki, a hankali take yinsa. Wanda ya sha kada ya hau babur, kada kuma ku bari ya goya kowa.

Akwai ɗan'uwan da ya daɗe yana sha kullum, ya ƙudura zai bari a daren shiga sabuwar shekara. Mu ƙarfafa shi, amma mu lura da shi kwana biyu zuwa uku na farko. Idan jikinsa ya kama rawa, yana gumi, yana ganin abin da babu, ko ya faɗi yana shure-shure, rashin giyar ne a jikinsa, kuma yana iya kisa. Ku yi masa addu'a a kan hanyar asibiti, kada ku jira gari ya waye.