Yoyon Ɗaki da Funfuna

Yau maganarmu a kan yoyon ɗaki ce, musamman gare ku mutanen Bici, da Badume, da Saye, da Ɗanzabuwa, inda gidaje ke manne da juna, indararon wannan yana zuba a bangon wancan.

Kowa ya san ruwan watan Agusta. Soro ya tsage, ko ƙusar kwano ta saki, sai ɗigo ya soma. Maigida ya tara ƙwarya, ya ce ba kome. To, da kome. Ruwan nan yana ratsa azara da bango, kuma duk inda danshi ya kwana biyu bai bushe ba, nan funfuna ke tsirowa. Za ka gan ta baƙa ko koriya a bayan randa, ko ƙarƙashin tabarma, ka ji ɗakin yana warin ruma.

Funfuna tana watsa ƙwayoyin da ido ba ya gani. Mai kwana a ɗakin yana shaƙa, sai tari da atishawa, mai ciwon fuka kuwa ya tasar masa. Yara da tsofaffi sun fi wahala.

Ɓarnarta ga abinci ta fi haka. Gyaɗa da masara in sun sha danshi, wata irin funfuna kan zuba musu dafin da ke lalata hanta. A shekarar 1960 talotalo fiye da 100,000 suka mutu a Ingila saboda cin tunkuzar gyaɗa mai wannan dafi. A 2004 masara mai shi ta kashe mutum 125 a Kenya. Dafuwa ba ta kashe shi.

Saboda haka, tun da bazara ka hau soro, ka toshe tsaga, ka sake yaɓe, ka share indararo. Ka yi wa ruwan tsakar gida hanya, kada ya kwanta a gindin bango. Randar da ke tsatsafo a ɗora ta bisa duwatsu. A riƙa buɗe taga, a shanya shimfiɗa in rana ta fito. Buhun hatsi a ɗora shi kan katako, nesa da bango. Wanda ya yi funfuna a zubar, ko kaji kada a ba.

Yaron da numfashinsa ke fita da ƙyar, a kai shi ɗakin magani ranar, kada a jira gobe.

Allah ya ba mu lafiya, amin.