Ƙidaya Mai Ceton Rai: Magana ga Iyaye da Ɗalibanmu Masu Karatun Kimiyya

  

Akwai tambayar da iyaye da dama suke kawo mana. Yaro yana karanta kimiyyar halittu, ko sinadarai, ko aikin gona a jami'a. Sai ya dawo hutu ya ce a saya masa kwamfuta, gama yana so ya ƙara da wani karatu wai shi kimiyyar bayanai. Uba ya duba rumbu, uwa ta duba awakinta, kowa ya yi shiru. Shin wannan abu yana da amfani, ko kuwa yaro yana son abin wasa ne? Bari mu duba maganar tare.

Mene ne kimiyyar bayanai?

Sunan ne sabo, amma aikin mun san shi. Macen da take bin farashin tiyar gero a kasuwar Laraba ta Dutsin-Ma, mako bayan mako, har ta san watan saye da watan sayarwa, bayanai take tarawa. Ma'ajin ƙungiyar mata da yake rubuta wanda ya zuba da wanda ya ci bashi, shi ma haka. Kimiyyar bayanai ita ce tattara irin waɗannan alƙaluma da yawa, a tace su daga kuskure, a bincika su da lissafi da kwamfuta, sa'an nan a fito da amsar da za ta taimaki mutane su yanke shawara.

Kamar murhu take, duwatsu uku ne suke riƙe da ita. Na ɗaya lissafi da ƙididdiga. Na biyu iya ba kwamfuta umarni. Na uku sanin abin da ake ƙirgawa, ko lafiyar jiki ce, ko ƙasar noma, ko ruwan sha. Ɗalibin kimiyya yana da dutse na uku a hannu tun farko. Shi ya sa ƙarin karatun yake dacewa da shi.

Misali daga rumbunmu

A ce a wani ƙauye akwai gidaje 10. Gida 9 kowanne ya samu buhu 5 na hatsi, gida ɗaya kuma ya samu buhu 55. Jimla buhu 100 ke nan. In aka raba 100 gida 10, takarda za ta ce kowane gida yana da buhu 10, ƙauyen ba ya bukatar taimako. Amma mu da muke ciki mun san gida 9 za su shiga damina da rumbu wayam. Wanda ya koyi ƙididdiga zai jera gidajen daga ƙarami zuwa babba, ya ɗauki na tsakiya, ya ga buhu 5 ne, ya faɗi gaskiyar halin da ake ciki.

Haka nan kuma, in mai bincike ya tambayi gidajen bakin titi kaɗai domin babur ɗinsa ba ya shiga rafi, rahotonsa ba zai ɗauki kukan na cikin lungu ba. Sa'an nan mun saba ganin zazzaɓi yana ƙaruwa lokacin da sabuwar masara ta fito. Masara ba ta kawo zazzaɓi. Ruwan sama ne ya raya masara, shi ne kuma ya tara kududdufan da sauro yake haihuwa a ciki. Gane irin wannan bambanci yana cikin abin farko da ake koya wa ɗalibi.

Inda ƙidaya ta ceci rai

A shekarar 2010, ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF suka lura yara ƙanana suna mutuwa fiye da kima a wasu ƙauyukan Anka da Bukkuyum a jihar Zamfara. An fara ba su maganin zazzaɓi, bai yi aiki ba. Da aka ƙirga yaran, aka duba gidajen da suke fitowa, aka auna jininsu da ƙasar tsakar gida, sai aka gano gubar dalma ce daga duwatsun zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje. Yara wajen 400 suka rasu. Amma da aka san dalili, an kwashe gurɓatacciyar ƙasa, an yi wa dubban yara magani. Ku lura, aikin ya bukaci mai sanin jikin mutum, da mai sanin sinadarai, da mai iya ƙidaya.

Haka yaƙi da shan inna. Shekaru da yawa masu rigakafi suna bin taswirar da aka zana da hannu, suna tsallake ƙananan ƙauyuka da rugage ba su sani ba. Da aka fara amfani da hotunan tauraron ɗan adam a jihohin arewa, aka kuma ba ma'aikata wayoyi masu nuna inda suka taka, sai aka ga wuraren da ake bari a baya. Wannan yana cikin abubuwan da suka taimaka. A shekarar 2016 aka ga na ƙarshe da ainihin ƙwayar cutar ta kama a Nijeriya, a jihar Borno. A watan Agusta na 2020 kuwa Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar nahiyar Afirka ta rabu da ita.

A nan gida ma, mun san igiyar nan mai launi da ake auna damtsen yaro da ita. In ta nuna ƙasa da santimita 11.5, tamowa ta yi tsanani. Awon yaro ɗaya yana ceton yaro ɗaya. Awon yara dubu, in an tara shi daidai, yana nuna gundumar da za a fara kai wa abinci. Ku tuna kuma, tun 2006 ba a sake ƙidayar jama'a a ƙasar nan ba. Yawancin alƙaluman da ake tsara mana aiki da su ƙiyasi ne. Saboda haka ana bukatar masu iya tattara sahihin bayani daga ƙauyuka.

Yadda karatun yake a makarantunmu

A jami'o'in Amurka akwai tsarin babban fanni da ƙaramin fanni. Ɗalibi yana karanta kimiyyar halittu a matsayin babba, ya ɗauki darussa kamar biyar ko shida na kimiyyar bayanai a matsayin ƙarami, a rubuta masa duka biyu a takardar sakamako. Yawancin jami'o'inmu ba su bin wannan tsari. Abin da ya fi kama da shi a wurinmu shi ne yadda kwalejojin ilimi, irin su Kwalejin Isa Kaita da ke nan Dutsin-Ma, suke haɗa wa ɗalibi darussa biyu. Saboda haka in yaro ya ce zai ƙara da wannan karatu, kada mu sa rai zai kawo digiri biyu. Digirinsa ɗaya ne, sai ƙarin gwaninta.

A watan Disamba na 2022, hukumar kula da jami'o'i ta ƙasa, NUC, ta fito da sabuwar manhaja. A ciki ta amince da kimiyyar bayanai a matsayin digiri mai zaman kansa, ta kuma bar wa kowace jami'a kashi 30 cikin 100 na darussa ta tsara da kanta. Ɗalibin da yake Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, wadda aka kafa a 2011, ko Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua a Katsina, zai iya haɗa nasa ƙaramin fanni ta hanyoyi huɗu:

1. Ya riƙe darussan lissafi, ƙididdiga da kwamfuta na shekarun farko da muhimmanci, kada ya yi su domin a wuce wurin kawai.

2. Ya je wurin malamin da yake ba ajinsu shawara, ya tambayi darussan zaɓi da aka yarda ya ɗauka daga wani sashe.

3. Lokacin fita koyon aiki na SIWES, ya nemi wurin da ake aiki da alƙaluma, kamar ofishin ajiye bayanan asibiti ko na malaman gona.

4. Ya yi binciken shekarar ƙarshe a kan matsalar gida. Mai karanta sinadarai zai iya auna ruwan rijiyoyinmu wata-wata, ko ruwan madatsar Zobe. Mai karanta aikin gona zai iya bin ranar shuka da yawan amfanin da aka samu a gonaki 50.

Bayan wannan, a 2023 gwamnatin tarayya ta buɗe shirin 3MTT na koya wa matasa fasahar zamani, har da nazarin bayanai. Manhajojin da manyan masana suke aiki da su, wato Python da R, kyauta ne. KoboCollect kuwa, wadda ƙungiyoyin agaji suke cika tambayoyi da ita, tana aiki a wayar Android ko babu intanet.

Abubuwan da za mu yi hankali da su

Na farko, babban karatu shi ne gaba. Mun ga yaran da suka nutse cikin kwamfuta har suka faɗi darussan sashensu, aka ƙara musu shekara, iyaye suka sake biyan kuɗi. Wanda makinsa yake rawa, ya gyara shi tukuna. Sa'o'i huɗu ko biyar a mako, da lokacin hutu, sun isa mafari.

Na biyu, kada a yi gaggawar sayar da dabba. Yaro ya fara da wayarsa da ɗakin kwamfuta na makaranta. Iyaye, ga gwaji mai sauƙi. Ku ba shi littafin adashen ƙungiya bayan an rufe sunaye, ko farashin hatsi na wata shida, ku ce ya zana muku abin da ya gani, ya bayyana da Hausa yadda kakarsa za ta gane. In ya iya, ya kuma nace har zango biyu, to, a duba maganar kwamfuta. Ta hannu mai lafiya ta wadatar, kuma ɗalibai biyu ko uku za su iya yin karo-karo.

Na uku, a guji masu cewa a biya kuɗi mai yawa, cikin mako biyu a zama gwani, aiki kuma yana jira. Gaskiya ita ce wannan ilimi ba ya ba kowa tabbacin aiki. Yana dai ƙara wa mai digiri abin da zai nuna in an tambaye shi me ya iya, ko a wurin bautar ƙasa, ko a asibiti, ko a ƙungiya. Masu ɗaukar aiki sukan so su ga aikin da mutum ya yi da hannunsa.

Na huɗu, kuma mafi nauyi, bayanin mutane amana ne. Dukanmu mun san halin tsaro da yankinmu ya sha fama da shi. Takardar da ta nuna sunan mai gida, da yawan shanunsa, da buhunan da ke rumbunsa, in ta faɗa hannun mugu za ta iya jawo asarar rai. Ɗalibai, ku nemi izinin mutum kafin ku rubuta, ku gaya masa abin da za a yi da bayanin, ku sa lamba a maimakon suna, kada kuma ku tura irin wannan jeri a zauren WhatsApp. Tun 2023 akwai dokar ƙasa mai kare bayanan mutane. Haka kuma kada ku cika takardar tambayoyi a gindin bishiya ku ce kun zaga gidaje. Alƙalamin ƙarya yana iya hana mai yunwa abinci.

Kada mu bar 'yan mata a baya

A gidaje da yawa mace ba za ta gaya wa baƙon namiji yadda cikinta ya ɓare, ko sau nawa yaranta suka ci abinci jiya ba. 'Yar'uwarta mace za ta gaya wa. In babu mata masu wannan ilimi, rabin labarin ƙauye ba zai shiga lissafi ba. Tushen kuwa yana sakandare. Yarinyar da ba ta ci lissafi da kyau a WAEC ko NECO ba, ƙofar karatun kimiyya ta rufe mata. Mu rage musu aikin yamma lokacin jarrabawa, mu roƙi ɗalibanmu na jami'a su koya wa ƙannensu lissafi in sun zo hutu.

Abin da za mu fara da shi

Muna roƙon kowace ikilisiya ta sayi littafi ɗaya mai bango mai ƙarfi. A ba ɗalibi ɗaya da dattijo ɗaya su riƙe shi. Su rubuta ranar ruwan farko, da ranakun da aka yi ruwa, da ranar shuka, da farashin tiyar gero, dawa da wake kowane mako. Babu suna, babu dukiyar kowa a ciki. In mun sake haɗuwa bayan kaka, kowane ƙauye ya zo da nasa, ɗalibanmu su haɗa su, su nuna mana watan da hatsi ya fi araha da watan da ya kamata bankin hatsi ya buɗe ƙofa. A nan iyaye za su gani da idonsu ko karatun ya cancanci akuya.

 Yanzu fili naku ne, mai tambaya ya ɗaga hannu. Allah ya ba yaranmu basira, ya kuma mai da kowa gida lafiya.