Shin Imani Yana Tsoron Tambaya?



Akwai wata damuwa da yawancinmu ke ɗauke da ita, amma ba mu cika faɗinta a fili ba. Yaro ya tashi a makarantar allo, ya zo jami'a ya shiga darasin falsafa ko na ilmin halittu, sai tambayoyi su soma yi masa kai-komo a zuci. In ya furta, a ce boko ya lalata shi. In ya yi shiru, abin ya riƙa cin sa kamar gara. Daga nan waɗansu kan zauna cikin fargaba, waɗansu kuwa su saki addinin a asirce. Ashe tilas ne mu bincika: shin imani ya hana tambaya?

Mu fara da Alƙur'ani mai girma. A aya ta 260 ta Suratul Baƙara, Annabi Ibrahim ya roƙi Ubangijinsa ya nuna masa yadda yake rayar da matattu, ba domin bai yi imani ba, sai domin zuciyarsa ta natsu. Allah bai tsawata masa ba, sai ya nuna masa ta hanyar tsuntsaye huɗu. Haka kuma Imam Muslim ya ruwaito cewa waɗansu sahabbai sun kai kukansu ga Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, a kan tunane-tunanen da suke jin nauyin furtawa, ya kuwa shaida musu cewa wannan nauyin da suke ji alamar tsantsar imani ce.

Sa'an nan mu dubi Imam Gazali, wanda ya rayu daga 1058 zuwa 1111. A cikin littafinsa Al-Munƙizu minal Dalal ya bayyana yadda ya lura cewa kowane yaro addinin iyayensa yake bi, har ya tambayi kansa mene ne bambancin gado da sani. Ya yi kimanin wata biyu yana shakkar abin da idonsa ke gani da abin da hankalinsa ke yankewa. A 1095 ya bar kujerarsa a makarantar Nizamiyya ta Bagadaza, ya shiga neman yaƙini. Wannan mutum shi ne duniya ke kira Hujjatul Islam. Lalle matambayi ba ya ɓata.

Ilmin hadisi ma a kan bincike aka gina shi. Da Imam Buhari, wanda ya rasu a 870, ya karɓi duk abin da aka jingina wa Annabi ba tare da tone asalin masu ruwaya ba, da ba mu sami Sahihinsa ba.

Amma fa, 'yan'uwa, kada mu ruɗi kanmu, domin masu taƙama da hankali su ma sun yi zalunci. A 833 Halifa Ma'amun ya tilasta wa malamai su yarda da ra'ayin Mu'utazilawa cewa Alƙur'ani halitta ne, kuma a zamanin magajinsa Mu'utasim aka yi wa Imam Ahmad ɗan Hambali bulala don ya ƙi. Hujjar da ke bukatar bulala ta riga ta kasa.

A nan ƙasarmu ma an yi irin wannan. Littafin Ummul Barahin na Shehu Sanusi na Tilimsan, wanda ya rasu a 1490, ya daɗe ana karanta shi a zaurukanmu, yana kira ga mumini ya san dalilin aƙidarsa. Sai waɗansu almajirai suka wuce gona da iri, suna titsiye talakawa da tambayoyin tauhidi, wanda ya kasa amsawa su kafirta shi. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya rubuta littattafai da dama yana yi musu raddi, yana kare imanin talaka. Wannan gargaɗi ne gare mu, mu 'yan boko: 'yancin tambaya bai ba mu lasisin raina manomin da ke salla cikin natsuwa ba.

Saboda haka, mu rarrabe abu uku. Akwai waswasi mai zuwa ya wuce, ba laifi a kansa. Akwai tambayar mai neman sani, wadda wajibi ne a amsa ta. Akwai kuma gardamar mai girman kai, wanda ya yanke hukunci tun kafin ya buɗe baki.

Roƙonmu ga malamai shi ne kada su kori mai tambaya, domin in an rufe masa ƙofar zaure zai nemi amsa a inda ba a so. Mu kuma ɗalibai, mu yi tambaya da ladabi, mu yi haƙurin karatu, mu tuna cewa rashin sani ya fi dare duhu. Allah ya ƙara mana ilmi mai amfani.