Farin masoro da sunan ƙungiyarmu

 

Maganata a kan farin masoro ce, tunda yana cikin kayan ƙamshin da muke niƙawa muna sayarwa. Da shi da baƙin, tsiro ɗaya ne. Shi farin sai 'ya'yan sun nuna ake tsinka, a jiƙa kwanaki, a murje ɓawon, a shanya. Wannan wahalar ce ta sa ya fi tsada, tsadar kuma ke sa wasu su yi masa algus da garin shinkafa. Uwargida ta zuba a farfesun kifi, shiru ba ƙamshi, daga ranar an rasa ta.

Ku dubi manoman Penja a Kamaru. A 2013 aka yi wa sunan masoronsu rajista, yau har Turai da sunan garinsu ake nemansa.

To, mu ma mu tsare namu sunan. Mu sayi ƙwaya, banda gari. Mu shinshina, in yana warin ruwan jiƙo mu bar shi. Mu niƙa kaɗan-kaɗan, mu rufe a kwalba. Mai saye kuma a gaya mata sai an kusa sauke tukunya ake zubawa.

Allah ya sanya albarka a cinikinmu.