Amsar Wasiƙunku: Da Wane Kayan Aiki Ake Yanka Katakon Balsa?

Wasiƙarmu ta yau ta fito ne daga wani manomi a ƙasar Funtuwa. Ya ce ɗansa ya iya ƙera jirgin sama da karan dawa, amma kullum sai ya yanke yatsa da reza. Yanzu kuma yaron ya ji labarin wani katako wai shi balsa, ya matsa a saya masa. Shi ne yake tambaya, wane irin katako ne wannan, kuma da me ake aikinsa?

To Malam, mun gode. Balsa itace ne na ƙasashen Amurka ta Tsakiya da ta Kudu, kuma ƙasar Ekwado ce ta fi kowa fitar da shi kasuwar duniya. Abin da ya sa masu ƙera ƙananan jirage suke sonsa shi ne rashin nauyi. In ka yanko guntu biyu masu girma ɗaya, na maɗaci da na balsa, na maɗacin ya ninka shi nauyi fiye da sau huɗu. Har jirgin yaƙin Ingila mai suna Mosquito, wanda ya fara tashi a 1940, akwai balsa a gangar jikinsa, an sa shi a tsakanin falankin katako biyu.

Sai dai fa taushinsa shi ne wahalarsa. Wuƙa in ta dakushe ba ta yanka shi, murƙushe shi take yi, bakin ya yage. Saboda haka kaifi ake nema, ƙarfi ba shi da amfani a nan.

Kaya na farko shi ne 'yar wuƙa mai mariƙi kamar biro, wadda ake sauya mata baki. Masu wannan sana'a sun fi amfani da baki mai lamba 11, irin na kamfanin X-Acto. Na biyu, rula ta ƙarfe, don ta roba ko ta katako wuƙa tana cin gefenta. A danne rular, a ja wuƙa a hankali sau uku ko huɗu a kan layi guda, kada a ce sai an raba shi a ja ɗaya. Na uku, ɗan ƙaramin zarto mai ƙananan haƙora, wanda ake gicciya sanda mai kauri da shi, domin wuƙa ta fi jin daɗin bin tsawon itacen. Na huɗu, samfefa da aka liƙa a jikin guntun katako mai shafaffen ciki. Mai kaushi, kamar lamba 120, ita ke fitar da siffar fiffike, mai laushi kamar lamba 220 kuma ta gyare shi sumul. In aka riƙe samfefa da yatsa kawai, sai wurin ya yi kwari da tudu. A yi gugar a waje, saboda ƙurar tana sa tari.

Yanzu shawara. Balsa shigo da shi ake yi, kuɗinsa ba kaɗan ba. Kada ka yi gaggawar saye. Totuwar kara da yaron yake aiki da ita tana da taushi da rashin nauyi, kuma ita ma kaifi take so. Fara saya masa wuƙa mai mariƙi, ka raba shi da reza tsirara mai baki biyu, don ita ce ke yanka shi. Ya riƙa aza aiki a kan allo, kada ya yanka a cinya ko a tafin hannu, yatsunsa kuma su kasance a bayan wuƙa. Ran da hannunsa ya faɗa a kan kara, ba zai yi maka asarar balsa ba.

Allah ya yi wa yaro albarka. Masu saurare, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. A huta lafiya.