Masu Sana'ar Hannu Sun Yi Gaba, Mu Fatake Ina Muka Tsaya?

Jawabin da aka gabatar a madadin kwamitin kayan sana'ar hannu, ranar bikin tunawa da kafa ƙungiyarmu

Muna yi wa waɗanda suka taso daga Maraɗi, Damagaram, Ƙonni da Gaya sannu da hanya, haka ma 'yan'uwanmu na Kano, Katsina, Daura, Maigatari, Illela da Kamba.

A irin wannan zama mun saba maganar wake da dawa da dabbobi, da tashin sefa da faɗuwar naira. Yau kwamiti ya ba mu dama mu ɗauko mutanen da kayansu ke cikin lodinmu amma sunansu ba ya fitowa a lissafi: dukawa, majema, marina, masaƙa, maƙeran fari, masu ɗinkin hula da masu saƙar tabarma. Dalilinmu shi ne, a 'yan shekarun nan mutanen nan sun motsa, kuma motsinsu zai taɓa cinikinmu ko mun shirya ko ba mu shirya ba.

Hulɗarmu da su daɗaɗɗiya ce. Lokacin da Bajamushen nan Heinrich Barth ya shigo Kano a 1851, abin da ya fi ɗaukar hankalinsa shi ne tufafin da ake saƙawa a rina a ƙasar Kano, fatake su kai su har Tambutu da cikin Sahara. Fatar jar akuya ta Sakkwato da Maraɗi ta bi raƙuma har arewacin Afirka, daga can ta shiga Turai da sunan fatar Maroko. Sunan wanda ya jeme ta ya ɓace a hanya. Wannan ita ce tsohuwar asarar mai sana'a a yankinmu, kuma ita ce masu sana'ar yau suka tashi haiƙan su magance.

Mu duba abin da aka samu. A 1998 Alphadi, ɗan Nijar mai tsara tufafi, ya shirya bikin FIMA na farko a Tigidit kusa da Agadas, ya sa aikin dukawa da maƙeran azurfa a gaban masu saye na duniya. A 2016 hukumar UNESCO ta naɗa shi jakadan zaman lafiya ta fuskar fasaha. A Yamai akwai bajekolin SAFEM, wanda aka kafa musamman don mata masu sana'ar hannu, ga kuma cibiyar masu sana'a ta Wadata, inda mai saye ke tsayawa gaban wanda ya yi kayan ya yi ciniki da shi kai tsaye. A Wagadugu, bajekolin SIAO yana gudana tun 1988, kuma 'yan Nijar da 'yan Najeriya suna kama rumfa a can.

Maƙeran farin Agadas sun ba kowa darasi. An sa tsohon birninsu cikin jerin wuraren tarihi na duniya a 2013, amma rashin tsaro ya riga ya kori 'yan yawon buɗe ido da suka dogara da su. Ba su naɗe hannu ba. Wasu sun buɗe maƙera a Yamai, wasu suna kai zobba da sarƙoƙi da 'yan kunne kasuwar kayan hannu ta Santa Fe a Amurka, suna dawowa da odar da za ta riƙe gida guda watanni.

A ɓangaren Najeriya, UNESCO ta sa Bida cikin biranen sana'ar hannu na duniya a 2021, saboda masu aikin tagulla da masu narka gilashi su yi tsakiya da awarwaro. A watan Disamba na 2024 an sa hawan Sallar Kano cikin jerin al'adun duniya, a zaman da aka sa saƙar kente ta Gana. Duk wanda ya kalli doki ranar hawan daushe ya san hannu nawa ne suka taɓa shi: mai sirdi, mai linzami, mai jalala, mai ɗinkin alkyabba, mai rinin rawani. Martabar da hawan ya samu tasu ce su ma. Marinar Ƙofar Mata, wadda tarihinta ake kai shi ga 1498, har gobe ana tsoma zane a karofinta da baba da toka, kuma matasan da ke wurin sun ƙara zane-zanen ɗauri na zamani don masu ɗinkin birni. A Kura ana nan ana bugun turkuɗi, wanda kasuwarsa ta fi ƙarfi wajen Buzaye, wato kaya ne da ba ya isa hannun mai shi sai ya ƙetare iyaka.

Akwai wani ci gaban da ya kamata mu lura da shi sosai. Nijar ta yi wa kilishinta da albasar Galmi rajistar suna a hukumar OAPI mai hedkwata a Yawunde. Ma'anarsa, sunan ya zama dukiya, ba kowa ne zai liƙa shi a kan kayansa ba. Abin da aka yi wa kilishi ana iya yi wa takalmin Damagaram ko turkuɗin Kura. Najeriya ba ta cikin OAPI, don haka kayan da ke da kariya a can gefen ba lalle ne su samu irinta a nan ba. A tsakanin nan amanar ɗan kasuwa ce kawai ke tsare suna.

To, ina abin ya shafe mu? Baduku mai shekara 25 a yau yana da waya. Yana ɗaukar hoton jakar da ya ɗinka ya sa a WhatsApp ko Instagram, mai saye a Abuja ko Kwatano ya gani ya turo kuɗi, a ba direba. Matar da ke ɗinkin hula a cikin gida ta san nawa ake sayar da aikinta a kasuwar Kurmi. Farken da duk aikinsa shi ne ya saya da araha saboda mai kaya bai san farashi ba, ƙarshen kasuwarsa ya zo.

Sai dai akwai abin da waya ba ta iyawa. Ba ta san halin tashar Jibiya da Ɗan Isa ba, ba ta san lokacin da ya dace a canza sefa ba, ba ta iya ɗaukar tabarma ɗari biyu daga Madawa zuwa Kano ba tare da ruwa ya taɓa su ba. Mun ga yadda kaya suka taru a hannun masu su lokacin da Najeriya ta rufe iyakokinta daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, da kuma rufewar da ta biyo bayan juyin mulkin Yuli 2023 har zuwa Maris 2024. Majemi a gefe guda ya rasa fata, baduku a ɗaya gefen ya rasa mai saye. Yanzu da Nijar ta fice daga ƙungiyar ECOWAS a Janairu 2025, sanin hanya da sanin takarda sun ƙara daraja. Wannan shi ne jarinmu, kuma mai sana'a yana bukatarsa.

Barazanar da ke gabanmu ɗaya ce da tasu. Kasuwanninmu sun cika da yadin da inji ya buga masa zanen rini, da hular da inji ya ɗinka, da takalmin roba mai kama da fata. Sayar da su ba laifi ba ne in an faɗa wa mai saye gaskiyar abin da yake saya. Ɓarnar tana zuwa ne ranar da aka ce masa aikin hannu ne. In ya gane, ba zai sake yarda da na gaskiyar ba, sai farashin hular da aka yi makonni ana ɗinkawa ya faɗi ya tarar da na inji, ita kuma mai ɗinkin ta ajiye allura. Haka batun fata: manyan majemun Challawa da Sharaɗa suna fitar da mafi kyawunta zuwa Turai, fatar shanu kuma mai yawa tana tafiya tukunyar ganda. Ƙaramin baduku sai ya yi da gaske kafin ya samu ta aiki.

Saboda haka kwamiti yana roƙon wannan zama ya amince da abu huɗu. Na farko, duk ɗan ƙungiya da ke sarin kayan hannu ya ware su daga na inji, ya kira kowanne da sunansa. Na biyu, mu riƙa barin sunan mai aiki da garinsu a jikin kaya, ko da 'yar takarda ce aka ɗaura da zare. Tsoron kada mai saye ya tsallake mu bai kai ribar da suna ke ƙara wa kaya ba, kuma mai son guda hamsin dole ya nemi mai mota da mai sanin iyaka. Na uku, in mun ba da oda mu ba da kafin alƙalami da zai isa sayen fata ko zare ko azurfa, mu kuma cika sauran ranar karɓar kaya. Na huɗu, kowane reshe ya rubuta masu sana'ar da ke yankinsa da abin da suke yi da adadin da za su iya fitarwa a wata, a miƙa wa sakatare kafin taro na gaba, don in oda ta shigo daga Yamai mu san ƙofar da za mu ƙwanƙwasa a Zariya ko Daura.

Ana shimfiɗa layin dogo daga Kano ta Katsina da Jibiya zuwa Maraɗi. Ranar da jirgi ya fara tafiya, zai ɗauki duk abin da aka loda masa. Fatanmu shi ne a samu kayan mutanenmu a ciki, da sunayensu a jiki, kuma 'yan wannan ƙungiya ne suka yi lodin. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma araha ba ta ado.

Allah Ya sa albarka a kasuwarmu da hannayen da ke ciyar da ita, Ya mai da kowa gidansa lafiya.